Koyar da zane da aikin hannu a firamare idan aji ya cika kuma babu kaya

Wata malama da ke riƙe da aji uku a wata firamare a Aboabo, nan Kumasi, ta aiko da wannan tambaya: "Darasin zane da aikin hannu yana cikin abin da aka ɗora mini, ni kuwa ban iya zane ba. Yarana sun haura hamsin, makaranta ba ta da fenti ko takardar zane, kuma a cikin iyaye akwai masu cewa ɓata lokaci ne, akwai masu cewa zana mai rai haramun ne. Abin da nake yi shi ne in zana kofi ko mangwaro a allo, su kwafa a littafi, in ba su maki. Ta ina zan fara gyara?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Rashin iya zane da kika sa a kan gaba shi ne mafi sauƙi a cikin abubuwan da kika lissafa, domin ba gwanintar hannunki ake son yara su gani ba. Abin da ya fi buƙatar gyara shi ne wanda kika ambata a ƙarshe, wato zana abu a allo domin a kwafa, kuma ba ke kaɗai ba ce, domin a yawancin azuzuwan da nake shiga abin da nake tararwa ke nan. Yaron da ya kwafi mangwaron allo bai kalli mangwaro ba, layin da alli ya ja ya kalla. Idan aka tattara littattafai sai a ga mangwaro hamsin masu kama ɗaya, maki ya tafi ga wanda hannunsa ba ya rawa, sauran kuma su yanke wa kansu hukunci tun suna 'yan shekara takwas cewa ba su iya zane ba. Amfanin darasin nan shi ne yaro ya koyi kallon abu da kyau, ya zaɓi yadda zai fitar da shi, ya gwada da hannunsa, sannan ya iya bayanin abin da ya yi, kwafi kuwa motsin hannu kaɗai yake bari a cikin waɗannan.

Gyaran farko ba ya cin ko pesewa ɗaya. Ki kawo ainihin abin cikin aji, ki ajiye a gaban kowane rukuni na yara: buta, ko ludayi, ko tsohon takalmi, ko reshen dogonyaro da ganyensa. Kafin kowa ya taɓa fensir, ki yi ta jefa musu tambayoyi. Ina butar ta fi faɗi, sama ko ƙasa? Bakinta daga tsakiyar ciki ya fito ko daga kusa da gindi? Daga inda kake zaune kana ganin marfin gaba ɗaya, ko mariƙi ya tare shi? Yarinyar da ke gefen taga da yaron da ke bakin ƙofa za su ba da amsa daban, kuma dukansu sun yi daidai, domin kowa daga kusurwarsa yake kallo. Wannan aiki ido yake buƙata da haƙurin sauraro, kuma kina da su.

Manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar makarantu ta Ghana, ta fitar, wadda aka fara aiki da ita a watan Satumba na 2019, tana bayanki a kan haka idan wani ya tambaye ki dalili. Ta raba darasin gida biyu, abin da ake gani da ido kamar zane da gini da saƙa, da abin da ake gabatarwa da jiki da murya kamar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A kowane gida ta jera matakai huɗu, wato tunani da binciken ra'ayi, tsarawa da ƙerawa, baje aiki a gaban mutane, sai nazarin aikin da faɗin ra'ayi a kansa.

Yana da kyau kuma ki san abin da ya dace ki sa rai daga ɗan aji uku. Viktor Lowenfeld, malamin zane ɗan asalin Ostiriya da ya koyar a Amurka, ya bayyana a 1947 cewa zanen yara yana tafiya ne mataki-mataki. Tsakanin shekara bakwai da tara yaro yakan ja layi ɗaya a ƙasan takarda ya jera komai a kansa, ya sa sararin sama a matsayin siririn layi can bisa, ya zana trotro, wato motar haya, har ana ganin fasinjojin ta cikin ƙarfen, ya yi mahaifiyarsa ta fi gidansu tsawo saboda ita ta fi girma a zuciyarsa. Duk wannan ba kuskure ba ne, kada ki gyara shi da jan biro. Sai wajen shekara tara zuwa sha biyu, wato aji huɗu zuwa shida, yaro yake fara son zanensa ya yi kama da abin da ido ke gani, kuma a nan da yawa suke karaya su daina. A lokacin ne ake nuna musu dabaru kamar na kusa ya fi na nesa girma, abu yana iya tare wani abu, da yadda ake sa inuwa. Shekarun nan kimantawa ce kawai, balle a azuzuwanmu na Zango inda za ki sami ɗan shekara takwas da ɗan sha ɗaya a benci ɗaya. Ki lura kuma da yaran da suka daɗe a makarantar allo, domin sun saba riƙe alƙalami da sarrafa tawada mai ruwa, kuma sau da yawa layinsu ya fi na sauran tsayuwa.

Maganar kaya kuwa, unguwarku ta fi kantin sayar da kayan zane wadata. Takarda za ki samu daga kwalayen da masu shaguna ke zubarwa, da bayan tsofaffin kalandu, da bayan takardun jarrabawar da aka gama da su, da kuma falle na tsakiya na buhun siminti na takarda idan aka kakkaɓe shi sosai aka goge. Sai dai ki tantance da kanki kafin ki raba, kada takarda mai ɗauke da aya ko sunan Allah ta shiga cikin abin da za a yayyanka a watsar a ƙasa, domin yawancin kalandun gidajenmu irin waɗannan ne, kuma kuskure ɗaya irin wannan ya isa ya ɓata tsakaninki da iyaye har ƙarshen shekara. Gam kuma sitacin rogo ne: a dama cokali biyu ko uku da ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa kamar za a yi koko har ya yi kauri ya yi sheƙi, a bar shi ya huce. Ki yi daidai na ranar, domin idan ya kwana biyu yakan yi tsami.

Launi shi ne inda yara suka fi jin daɗi. Baƙi ba sai an koya wa ɗan Zango ba, tawadar makaranta ce, baƙin tukunya ko niƙaƙƙen gawayi da ƙaro. Jar ƙasar da ke bakin hanya idan aka tankaɗe ta aka haɗa da ɗan sitaci tana ba da ja mai duhu, farar ƙasa tana ba da fari, gangamau yana ba da rawaya, bular wanki kuma shuɗi. Karan dafin da masu dafa shinkafa da wake suke jefawa a tukunya, wanda dukawa suka daɗe suna rina fata da shi, idan aka tafasa shi da ɗan kanwa yana fitar da ja mai kyau. Zoɓo kuwa darasi ne shi kaɗai. Ki tafasa shi da kauri ba sukari, ki raba a ƙananan mazubai uku, ki bar ɗaya yadda yake, ki matsa lemon tsami a na biyu, ki ɗiga ruwan kanwa a na uku. Na lemon zai ƙara haske, na kanwa kuwa zai juye a gaban idonsu ya koma shuɗi-shuɗi zuwa kore mai duhu, kuma za ki ji ajin ya ɗauki hayaniya. Ki bar su su yi ta ƙiyasin dalili, malamin kimiyya zai same su da tambaya a shirye. Ki gaya musu tun farko cewa launin tsiro yana koɗewa idan rana ta daɗe tana dukansa, kada su ga aikinsu ya dusashe su zaci laifinsu ne. Buroshi kuma asuwaki ne da aka daddaka bakinsa, ko guntun soso, ko tsumma da aka ɗaure a kan tsinke.

Bari in kawo aiki guda dalla-dalla, wanda zai ɗauke ki mako huɗu, maimakon in lissafa ayyuka goma a taƙaice. Ba nisa da ku, a kan hanyar Mampong, akwai garin Ntonso inda ake buga zanen adinkra. Masu sana'ar suna sassaƙa hatimi daga guntun ƙwarya su kafa masa mariƙi na tsinke, suna jiƙa ɓawon itacen da suke kira badie su daka shi su tafasa ruwan har ya yi baƙi ya yi kauri, sannan su ja layuka a kan ƙyalle su raba shi gida-gida, su cika kowane gida da alama ɗaya ana maimaita ta. Sana'ar ta daɗe, domin zanen adinkra mafi tsufa da aka sani shi ne wanda Baturen Ingila Thomas Bowdich ya samu a Kumasi a 1817, kuma yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Kowace alama tana da ma'ana: Dwennimmen ƙahonin rago ne, ƙarfi tare da tawali'u, Adinkrahene kuwa da'irori ne ɗaya cikin ɗaya, alamar shugabanci.

A mako na farko babu wanda zai ƙera komai, kallo za a yi. Ki aro zanen adinkra ko hotonsa, ki haɗa shi da abin da ke gidajen yaran, kamar hular ɗinkin hannu, da babbar riga mai aska takwas, da faifai, da ƙwarya mai zane, da jakar fata mai dagi. Su nemo siffar da aka maimaita, su ƙirga sau nawa, su bi ta da yatsa, su faɗi inda mai ɗinkin ya juya ta. A mako na biyu kowane yaro zai ƙirƙiro alamarsa ta kansa a kan wani abu da yake daraja, ko zumunci, ko haƙuri, ko sana'ar mahaifinsa, ya gwada ta sau uku ko huɗu a guntun takarda har ta sauƙaƙa. A nan za ki yi ta fama da masu son kwafar ta maƙwabci, kuma maganinsu shi ne ki tambayi kowa ma'anar tasa.

Mako na uku shi ne na bugu. Hatimin ana iya yin sa da makani ko rogo ko dankali da kika raba biyu da kanki a gida, yaro ya ƙwaƙule alamarsa da murfin biro. Tsohon silifa da aka wanke aka yayyanka ya fi daɗewa, kuma zaren da aka manna a kan kwali ma yana yi. Ki shimfiɗa tsumma a cikin faranti ki jiƙa shi da launi, domin idan aka tsoma hatimi kai tsaye cikin ruwan launi alamar takan cushe. Kowane rukuni ya sami babbar takarda guda da aka raba gida-gida, kowane yaro da gidansa. Za a sami wanda ya sassaƙa harafin farko na sunansa, ya buga, ya ga ya fito a juye. Kada ki riga shi faɗa, ki bar shi ya yi mamaki, ya kira abokansa, su gano cewa hatimi yana juya dama ta koma hagu, sannan ya sake sassaƙawa. Abin da ya koya a wannan minti biyar ba zai manta da shi ba. A mako na huɗu a ɗaura igiya daga taga zuwa taga a rataye aikin, kowane rukuni ya tashi ya yi bayani, sauran su yi tambaya.

Yawan yara ana shawo kansa ne da tsari. Ki raba su rukuni-rukuni na shida zuwa takwas, kowane rukuni da mai ɗauko kaya da mai mayarwa, kuma a riƙa juya aikin, kada wanke-wanke da shara su zama na 'yan mata kullum alhali maza suna tsaye. Minti talatin ba ya isar aikin hannu, saboda haka ki roƙi shugaban makaranta a haɗa miki darasi biyu a jere, ki ba kallo da magana minti goma, aiki wajen minti talatin da biyar, sauran kuma na gyara wuri da duba abin da aka yi. Reza kada ta shiga ajin ko da wasa, kuma gwangwanin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko sinadari a ciki kada a karɓa. Kowa ya zo da tsohuwar riga ya ɗora a kan yunifom, domin gangamau ba ya fita da wanki, kuma uwar da ta sha wahalar sayen yunifom ba za ta saurari bayanin manhaja ba.

Ki yi la'akari da yanayi wajen jera ayyukan shekara. Aikin takarda da sitaci, inda ake liƙa yagaggun takardu a kan ƙwarya ko balan-balan har su bushe su zama mazubi, yakan yi fumfuna a damina saboda laimar Kumasi, don haka ki ajiye shi sai hunturu, ki kuma sa ɗan gishiri a cikin sitacin. Ginin yumɓu kuwa a hunturu yake tsagewa saboda saurin bushewa, sai an lulluɓe shi da leda an bar shi a inuwa ya bushe sannu a hankali. Mutanen Pankrono, a kan hanyar Mampong ɗin nan, sun shahara da ginin tukwane, kuma masu wannan sana'a su ne za su nuna miki yumɓu mai kyau da yadda ake cuɗa shi.

Batun zana mai rai kuwa, kada ki ɗauke shi da wasa, kada kuma ki mayar da aji wurin muhawara. Iyayen suna da madogara, domin akwai hadisai ingantattu masu tsoratarwa a kan masu yin surori. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mai wannan sana'a ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya gaya masa hadisin, sannan ya ce idan lalle sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. An kuma ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana wasa da 'yar tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malikiyya sun bambanta tsakanin cikakken mutum-mutumi mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi a wurinsu, wasu malaman kuwa sun tsananta a kan duka biyun. Fatawa ta malamai ce, kowane gida kuma da malamin da yake bi. Abin da ke hannunki shi ne ki san cewa duk wata ƙwarewa da manhaja ke nema, daga layi da siffa da launi har zuwa maimaici da daidaito, ana iya koyar da ita ba tare da an tilasta wa kowa zana mutum ko dabba ba. Ki ba da aiki mai faɗi, kamar "kasuwar unguwarmu" ko "hanyata ta zuwa makaranta", wanda gidansu ba sa so ya zana rumfuna da motoci da tulin tumatir, wanda ya sa mutane a nasa kuma kada a tsangwame shi. Akwai kuma zayyana, adon da ake yi wa allon sauka da ja da rawaya da baƙi, wadda babu uban da zai ƙi ɗansa ya koya. Idan kika gayyato malamin da ya iya ta ya zauna da yara awa ɗaya, kin koyar da daidaiton siffa, kin kuma sami mai ba ki shaida a cikin unguwa.

Masu cewa ɓata lokaci ne, ki yi musu magana da abin da suka sani. Tela yana zana riga a kan yadi da alli kafin ya sa almakashi, kafinta da mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, suna fitar da siffar aiki kafin su yanka, mai ɗinkin hula yana shata zane kafin ya soka allura, kuma yaron da bai saba auna abu da ido ba yakan daɗe yana ɓata wa maigidansa kaya. Tutar Ghana da aka ɗaga ranar 6 ga Maris 1957 Theodosia Okoh ce ta tsara ta, malamar makaranta da ta karanci zane a Achimota. El Anatsui, wanda aka haifa a Anyako a 1944, ya yi karatun zane a nan Kumasi, ya koyar a jami'ar Nsukka ta Najeriya tun daga 1975, kuma da murafun kwalabe da aka daddaka aka ɗinke da wayar tagulla ya yi suna a duniya, har aka ba shi babbar lambar girmamawa a baje kolin zane na birnin Venis a Italiya a 2015. Ibrahim Mahama mai zane, ba ɗan kasuwar nan mai irin sunansa ba, ɗan Tamale da aka haifa a 1987 kuma ya yi karatu a jami'ar KNUST ta nan Kumasi, da tsofaffin buhunan koko da suka koma na gawayi yake lulluɓe manyan gine-gine. Ba na son ki yi wa iyaye alkawarin cewa 'ya'yansu za su zama irin waɗannan, domin kaɗan ne za su ci abinci da zane. Amma ya kamata yara su ji cewa kayan da suke tsintowa a bayan kasuwa irinsu ne manyan masu fasaha na ƙasarsu suke aiki da su.

Saura maki. Idan kika ci gaba da ba da goma bisa goma ga zanen da ya fi kyau a ido, yara za su koma kwafi ko da kin daina zane a allo, domin suna gane abin da ake sakawa a kai. Ki duba ko yaron ya kalli abin da aka ajiye masa, ko ya gwada fiye da sau ɗaya kafin ya tsaya a kan ra'ayi, ko ya kai aikin ƙarshe ya kula da kaya, da ko zai iya faɗin abin da ya yi da dalilinsa, da Hausa ko Turanci ko Twi. Idan zane ya shige miki duhu kada ki ce "wannan kuma mene ne?", ki ce ya ba ki labarin abin da ke faruwa a ciki. Sharhinki ki rubuta shi a bayan takarda, kada biro ya hau kan zanen. Kowane yaro ya ninka kwali biyu ya zama jakarsa, a rubuta kwanan wata a kan duk aikin da ya shiga ciki, a ƙarshen zangon karatu ki jera na farko da na ƙarshe ki auna shi da kansa. Jakar nan ita ce kuma za ki buɗe wa shugaban makaranta ko jami'in sa ido idan suka nemi shaidar aiki, da uban da ya zo ranar taron iyaye yana tambayar abin da ɗansa yake yi da kwali da sitaci.